Me ya sa ɗaliban jami'a ke daina motsa jiki? Amsa ga wata 'yar aji biyu

Wata ɗaliba daga ɗaya daga cikin jami'o'inmu na Arewa ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malama. A sakandare ni 'yar gudu ce, har kofi na ciyo wa gidanmu a gasar makaranta. Tun da na shigo jami'a ban ƙara yin komai ba, ga shi ina aji biyu. Kullum a gajiye nake, wuyana da bayana suna ciwo, in na hau bene hawa biyu sai haki. Ina so in koma motsa jiki, amma lacca ba ta bari, fili maza sun cika shi, ga zafi, ga kunya. Ƙawayena kuma cewa suke me zan rage tunda ba ni da ƙiba. Lalaci ne ya kama ni ko me?"

Wa alaikumus salam 'yata. Ba lalaci ba ne, ki cire wannan daga ranki tun yanzu. Na daɗe ina aiki a sashen gashi na asibiti, wanda aka fi sani da fisiyo, ina kuma koyar da ɗalibai, kuma irin wannan kukan naki ina jin sa kusan kowane zango. Malalaciya ba ta ciyo kofi a gudu. Abin da ya same ki shi ne an cire miki ƙararrawa.

Ki tuna yadda yini yake a makarantar kwana. Da asuba a kaɗa ƙararrawa, a fito shara, a ɗebo ruwa, a yi layi zuwa ɗakin cin abinci, da la'asar a kora kowa fili, ranar Asabar a yi wanki da yankan ciyawa. In an yi hutu an koma gida, ga surfe, ga wanke-wanke, ga aike. Duk wannan motsa jiki ne, amma ba wanda ya taɓa kiran sa da wannan suna, kuma ba ke kika tsara shi ba, tsara miki aka yi. Ranar da kika shigo jami'a sai duk ya tsaya cak. Ba firifet, ba malamin wasanni mai usur, ba wanda zai tambaye ki ko kin fita. Daga gado sai kujerar aji, daga kujerar aji sai tabarmar masallaci, daga nan sai gado da waya a hannu. A karon farko a rayuwarki, motsi ya zama abin da sai kin yi niyya, kin nemi lokaci, kin nemi wuri. Yawancin matasa a daidai wannan gaɓar suke zubewa, maza da mata, kuma ba a ƙasarmu kaɗai ba. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ta nuna cewa a shekarar 2022 kashi 31 cikin ɗari na manyan mutane a duniya ba sa motsa jiki gwargwadon da ake buƙata, kuma mata sun fi maza, kashi 34 da kashi 29.

Gwargwadon da ake buƙatar shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sai kuma aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Wannan shi ne ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2020 ga mai shekara 18 zuwa 64. Minti 150 kuwa rabin awa ne a rana, kwana biyar. Matsakaicin motsi ba shi da wuyar ganewa: numfashinki ya ƙaru, jiki ya yi ɗumi, kina iya magana da ta kusa da ke amma ba za ki iya rera waƙa ba. Tafiya da sauri ta cika wannan sharaɗi.

A nan ne nake ganin katanga mafi tsawo take, kuma a cikin kai aka gina ta. In aka ce wa ɗalibi motsa jiki, hoton da yake zuwa masa shi ne jesi, kambas mai tsada, filin ƙwallo, ko gidan ɗaga ƙarfe da ake biyan kuɗin wata. Da ya duba ya ga ba shi da ko ɗaya, sai ya ce wannan ba nasa ba ne. Jami'o'inmu ma sun taimaka wajen kafa wannan tunani. Tun 1966 ake gasar wasannin jami'o'in Najeriya, wato NUGA, kuma sashen wasanni na kowace jami'a hankalinsa yana kan 'yan tsirarun da za su je su ciyo lambar yabo. Ba laifi ba ne, amma ɗalibai dubbai da ba za su taɓa shiga tawaga ba fa, wa yake tunaninsu? Ke yanzu ba kofi kike nema ba. Jikinki kike so ya dawo miki.

Saboda haka kafin ki ƙara komai, ki auna abin da kike yi tukun. Duk wanda ya san Samaru a Zariya, ko sabuwar jami'ar Bayero da ke hanyar Gwarzo, ko mazaunin dindindin na jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ya san tsakanin masaukin ɗalibai da wasu tsangayoyi tafiya ce mai ɗan nisa. Kilomita ɗaya da sauri minti goma sha ɗaya ne zuwa sha biyu. In tsakanin ɗakinki da ajinku akwai kilomita guda, zuwa da dawowa kawai ya kusa cika miki rabin awar, muddin da sauri kike yi, ba irin tafiyar rangwaɗa da hira da ake yi mutum huɗu a jere ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 kuɗin adaidaita sahu ya tashi, ɗalibai da yawa sun koma tafiyar ƙasa dole. Na sha gaya musu, wannan tafiyar da kuke ƙorafi a kanta, in kun ƙara mata sauri kun sha ruwa, ita ce rabin maganin da kuke zuwa nema wurina. A da ana cewa sai an yi minti goma a jere kafin a lissafa, amma ƙa'idar 2020 ta cire wannan sharaɗi. Hawa bene na minti biyu ma yana cikin lissafi.

Maganar lokaci gaskiya ce, ba zan musa miki ba. Jadawalin lacca a jami'o'in gwamnati ba a yi shi da tunanin jikin ɗalibi ba. Ana iya sa miki lacca ƙarfe takwas na safe, wata ƙarfe goma sha biyu, wata ƙarfe huɗu, sai ki wuni a gindin bishiya kina jira. Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ya ƙara dagula abin: na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Bayan kowanne sai a matse zango, a cusa lacca har Asabar, wani lokaci har Lahadi, a jera gwaji kan gwaji. Jami'o'i da dama suna da al'adar barin yammacin Laraba ba lacca don wasanni. A wata jami'a da na koyar, na ga yadda wannan al'ada ta mutu a hankali ba tare da an soke ta a takarda ba. Malami zai shigo ya ce wa wakilin aji, "Ku nemo mana lokacin da ba ku da komai." Wakilin aji ya duba, ba inda ya rage sai Laraba ƙarfe huɗu. Shi ke nan. Na yi magana a taron sashe fiye da sau ɗaya, aka ce manhaja ba za ta ƙare ba. Har yau abin yana ci mini rai, don ɗaliban da aka hana awa biyun nan su ne suke zuwa asibiti lokacin jarrabawa da ciwon kai da sanƙarewar wuya.

Amma akwai ɓangaren da ke hannunki. Ki shiga saitin wayarki, wurin da yake nuna awa nawa kika yi a kanta jiya. Nakan sa ɗalibaina su yi haka a aji, kuma ba safai ake samun wanda bai ji kunyar abin da ya gani ba. Ba cewa nake ki jefar da waya ba, ai handawut ɗinku ma yanzu a cikinta yake. Rabin awa kawai nake roƙo daga abin da TikTok da WhatsApp suke ci. Samari kuwa nasu ya fi ba ni takaici: mutum zai yi minti casa'in a gidan kallon ƙwallo, ya ƙara awa guda yana musu kan Arsenal da Barcelona, amma rabon da ƙafarsa ta taɓa ƙwallo tun yana aji shida.

Ciwon wuya da bayan da kika ambata, kusan na san daga inda ya fito ko ban gan ki ba. Kwanakin baya wata yarinya sa'arki ta zo mini, tana riƙe da ƙeya, ta ce an ce mata ƙashin wuyanta ne ya goce. Na ce ta nuna mini yadda take karatu. Sai ta hau gadon gwaji ta kwanta rub da ciki, ta dogara da gwiwar hannu, ta kafa haɓa a kan filo, waya a gabanta. Ta ce haka take yi daga bayan isha'i har ƙarfe biyu, don su takwas ne a ɗaki kuma tebur ɗaya ne. Ba abin da ya goce. Tsokar wuya da ta kafaɗa ce ta gaji da riƙe kai a wuri ɗaya awa biyar. Na koya mata abu uku: ta riƙa miƙewa duk bayan rabin awa ko da minti biyu ne, ta ɗaga wayar zuwa saitin ido, ta riƙa jan haɓa baya a hankali kamar mai son yin haɓa biyu, sau goma. Bayan mako uku ta dawo da murmushi. Wannan karatun kwana da kuke ce wa TDB yana cikin abin da ke hana motsa jiki, don wanda ya kwana a aji ba zai tashi da ƙarfin tafiya ba. Alhali abin juyawa yake: wanda ya motsa jiki da rana barcinsa ya fi nauyi, damuwarsa ta fi sauƙi, abin da ya karanta ya fi zama.

Yanzu bari mu zo kan fili da kunya, don a ganina ga 'ya mace a nan Arewa wannan ya fi komai nauyi, kuma mutane suna raina shi. Ki je filin wasan kowace jami'a da la'asar ki tsaya daga nesa. Tsakiya 'yan ƙwallo ne, gefe masu jiran a fitar da wata tawaga su shiga, kan dakali 'yan kallo, duk maza. Yarinyar da aka tarbiyyantar a kan kada ta ɗaga murya a gaban maza, yaya za ta ratsa wannan taron ta fara gudu? In ta yi ƙarfin hali ta fita, wani ya yi fito, wani ya ɗaga waya, gobe a ce an gan ta. In ta ce za ta fita da duku-duku kafin mutane su taso, hanya ba fitila, ga tsoron ɓata-gari. Wannan ba raki ba ne. Ba kuma zan ce miki ki toshe kunne ki fita ba, don kunyar nan taki ba cuta ba ce da za a yi maganinta. Wuri ne ba a tanada muku ba, kuma hakki ne a kan hukumar makaranta ta tanada.

Abin da na ga ya yi aiki shi ne a fara daga cikin katangar masaukin mata. Kusan kowane hostal yana da tsakar gida, inda ake shanya. Bayan sallar asuba, kafin a fara layin ruwa, wurin fayau yake. Igiyar shanya mai ɗan kauri ta isa tsallen igiya, kuma tsallen igiya na minti goma aiki ne mai tsanani, ya kai tafiyar minti ashirin. Kin san ma mu ba baƙin wannan ba ne. Iyayenmu mata sun yi gaɗa a dandali har gumi ya jiƙa su, sun yi 'yar gala-gala, sun yi daka mutum uku a turmi ɗaya suna luguden taɓarya. Matan Hausawa ba zaune aka san su ba, zaman nan sabon abu ne. In kuma tafiya ce a waje, ba sai kin canja shiga ba. Dogon wando mai faɗi a ƙarƙashin doguwar riga, hijabi mara nauyi mai haske, da takalmi mai rufi ko na gwanjo ne. Wanda ya gan ki zai ɗauka lacca kika makara. Ki nemi mutum biyu ku zama uku, don mace ɗaya ita ake kallo, uku kuwa wucewa kawai suke yi, kuma ranar da ranki bai so ba akwai mai ƙwanƙwasa miki ƙofa.

Kada ku tsaya nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku rubuta takarda ta hannun shugabar masaukinku, ko 'yan uwa mata na Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, ko ƙungiyar ɗalibai Kirista, zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai da daraktan wasanni. Ku nemi abu ƙarami wanda ba ya cin kuɗi: awa biyu sau biyu a mako da za a keɓe wa mata ɗakin wasanni ko wani fili mai katanga, da mace mai kula. In kun nemi a gina muku sabon wuri za a ce ba kuɗi. In kun nemi mabuɗi da lokaci, da wuya a rasa amsa.

Za ki gamu da masu cewa motsa jiki bai dace da 'ya mace ba. Ki tuna musu cikin ladabi cewa ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ta tsere masa, bayan shekaru suka sake ya tsere mata. Maganar malamai a kan sutura da cuɗanya take, kuma duk abin da na faɗa miki a sama ya kiyaye su. Akwai kuma maganganun da 'yan mata ke raɗa wa juna a ɗaki, wai tsalle yana zazzago mahaifa, wai gudu yana hana haihuwa ko yana taɓa budurci. Ba gaskiya ba ne. Tafiya da gudu da tsallen igiya ba ruwansu da wannan. Mai ciki ma, in ba ta da wata matsala, minti 150 ɗin nan ake ba ta shawara. Lokacin al'ada kuma, in ciwon mara bai kwantar da ke ba, tafiya a hankali tana sassauta wa mata da yawa.

Su kuma ƙawayenki masu cewa me za ki rage, sun ɗauka sikeli ne ma'aunin lafiya. Siririya ma tana kamuwa da hawan jini da ciwon suga. Hakin da kike yi a bene ba ruwansa da ƙiba, mai yiwuwa zuciya da huhu da tsokar cinya ne suka saba da hutu. Sannan ƙashin mutum yana gama tara ƙarfinsa ne daga ƙuruciya zuwa wajen shekara talatin, kuma motsi mai ɗora nauyi a ƙafa shi ke gina shi. Shekarun da kike ciki su ne na ajiya, musamman ga mace da haihuwa da shayarwa ke gabanta in Allah ya so.

Wani abin da ba ki faɗa ba amma na san yana nan shi ne abinci. Ɗalibin da yake kan tsarin 0-1-0, ba karin kumallo, ba na dare, in ka ce masa ya je ya yi gudu ka zalunce shi. Wanda bai ci ba kada ya yi mai tsanani. Sai dai kada tsoron yunwa ya hana tafiya, don rabin awa da sauri abin da take ƙonawa bai wuce ƙarfin da ke cikin kwalbar lemo ɗaya ba. Gyaɗa ko ƙuli-ƙuli ko dabino uku da ruwa sun rufe wannan gurbi.

Zafi kuwa sai dai a bi shi da dabara. Daga Maris zuwa Mayu, a Sakkwato da Maiduguri da Kano ma'auni yana haura 40 da rana, ba mai hankalin da zai ce ki fita tsakanin ƙarfe goma sha ɗaya da huɗu. Bayan asuba ko gab da magariba su ne lokacinki. Ki sha ruwa kafin ki fita, ki kuma lura da fitsari, in ya yi duhu kamar shayi ruwan jikinki ya yi ƙasa. In kika ji jiri, ko tashin zuciya, ko ciwon kai, ki tsaya ki nemi inuwa. Da hunturu ƙura ce matsalar, ranar da hazo ya rufe gari ki yi naki a ɗaki. Da azumi ki sassauta, ki mayar da shi bayan buɗa baki ko bayan tarawihi.

Abu ɗaya nake so ki yi kafin komai, saboda wannan gajiyar ta kullum da kika ambata. Ki je asibitin makaranta a auna yawan jininki da hawan jini, a duba maleriya. Ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin 'yan mata, musamman mai zubar da jini sosai lokacin al'ada, kuma yana kawo daidai irin hakin da kika kwatanta. Mai sikila, da mai asma, da wanda aka taɓa ce wa yana da ciwon zuciya, su ma suna motsa jiki, amma sai likita ya faɗa musu iyakarsu. Ciwon ƙirji ko suma a lokacin motsi ba abin jurewa ba ne, asibiti ake zuwa a ranar.

In sakamako ya fito lafiya, ki fara ƙasa da abin da kike jin za ki iya. Tsofaffin 'yan gudu irinki su ne suka fi jin ciwo, don zuciya tana tuna gudun da, ƙafa kuwa ta manta. Mako biyun farko tafiya da sauri kawai, minti goma sha biyar, kwana huɗu. Mako na uku da na huɗu ki kai ta minti ashirin da biyar, ki ƙara aikin tsoka sau biyu a ɗaki: zama a bakin gado da miƙewa ba tare da dafa komai ba sau goma sha biyu, dafa bango ki tura jikinki sau goma sha biyu, ɗaga galan ɗin ruwa mai lita huɗu da kowane hannu, ki maimaita duka sau biyu. Ciwon jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan an fara ba komai ba ne, zai wuce. Daga mako na biyar, in kina so, ki fara sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu, kina ƙarawa a hankali. Makon jarrabawa ki rage zuwa minti goma, amma kada ki ajiye gaba ɗaya, don a nan ne yawanci igiyar take tsinkewa.

Ki sami ƙaramin littafi ki riƙa rubuta ranar da kika fita da minti nawa. A shafin farko ki rubuta yadda numfashinki yake yau in kin hau benen nan hawa biyu, ko kina iya gaisawa da mutum a saman ba tare da kin tsaya ba. Bayan mako shida ki sake hawa, ki rubuto mini abin da kika gani, da kuma amsar da ofishin ɗalibai ya ba ku kan takardar. Allah ya ƙara lafiya, ya ba da sa'ar karatu.